Jagororin raƙuman dawa na Kure

Mai tafiya Doso daga Yamai, idan ya ci kamar kilomita 60 bisa babbar hanya, sai ya iso Kure, cikin jihar Tilaberi. Garin Zabarmawa manoma ne, ba shi da wani dogon gini da zai tsaida matafiyi. Amma a dajin da ke kewaye da shi ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma su ke zaune. A da, irin nan ya bazu tun daga Senegal har bakin tabkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka yi ta cin shi, har a shekarar 1996 da aka ƙidaya, 49 kaɗai aka samu, dukansu a ƙasarmu. A ƙidayar 2017 kuwa sun haura 600.

Idan ana yabon wannan nasara, akan ambaci ma'aikatan gandun daji da masana na ƙasashen waje, kuma sun cancanta. Sai dai akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba, su ne jagorori, ƴan ƙauyukan wurin da suka haɗu cikin ƙungiya guda domin kai baƙi inda dabbobin su ke.

Kada mai karatu ya ce mene ne wuyar gano dabbar da tsawonta ya kai mita 5. Dajin Kure ba shi da shinge, kuma raƙumin dawa ba ya yawan kuka. Idan ya tsaya cikin itatuwa bai motsa ba, launinsa sai ya saje da inuwa, baƙo ya wuce shi bai sani ba. Shi jagora ƙasa ya ke fara dubawa. Sawun ya yi kama da na saniya, kofato biyu, amma ya fi girma nesa ba kusa ba. Kashin ƙanana ne kamar na akuya, ya ɗan ɗara. Idan da danshi, to garken bai yi nisa ba. Daga nan ya ɗaga kai ya dubi rassa, ya ga inda aka zage ganye a tsawon da ba akuya ba saniya da za ta kai. In abin ya faskara, ya hau itace ko kan mota ya hango, ya nuna ma direba hanya da doguwar sanda.

Ya kuma san lokaci. Da damina raƙuman suna bisa tudun Kure, inda itatuwa su ke jeri-jeri da fako tsakaninsu, suna cin geza da sarƙaƙiya da anza. Da rani sai su gangara kwarin Dallol Boso, domin can akwai gawo, shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar lokacin da sauran suka bushe. Jagoran da ya ƙware yana rarrabe namiji da mace tun daga nesa: ƙahonin namiji kaurara ne, bisansu ba gashi, na mace sirara ne da ɗan tukku. Kuma zanen jikin kowane ɗaya nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsan mutum. Da shi a ke ƙidaya: a ɗauki hoton dama da hagu, a rubuta cikin kundi, domin kada a lissafa guda sau biyu. Mai hoto kuwa sai an kai shi, kuma jagora ke kai shi. A hanya, in baƙon mai son tsuntsaye ne, ya nuna mishi cilakowa da balbela da shamuwa, wadda zuwanta ke gaya ma manomi damina ta kusa. Wannan karatu ne sosai, ko da ya ke ba a lakwal a ke koyon shi ba.

Aikin da ya fi wuya ba baƙi su ke ganin shi ba. Raƙuman nan cikin gonakin mutane su ke yawo. Suna cin wake, suna cin mangwaro, ga shi doka ta hana taɓa su. Manomin da ya wayi gari ya tarar an cinye mishi wake, wa zai ba shi haƙuri ya ji, in ba ɗan garinsu ba? Abin da ya sauƙaƙa maganar shi ne an ga amfani a ƙasa: kuɗin da baƙi ke biya, da rijiyoyi da ƙananan rance da ƙungiyoyin kiyaye raƙuman suka kawo ma ƙauyuka. Ruwa ba ya tsami banza. Mutane ba su bar dabba tana cin amfaninsu don kyanta kawai ba.

Da garken ya yawaita, cikin watan Nuwamba 2018 aka ɗauki 8 a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, aka kai su gandun Gadabeji, a jihar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace tun kusan shekara 50. An ƙara 4 a 2022, kuma sun haihu a can.

Ranar 9 ga Agusta 2020, ƴan bindiga bisa babura suka tare wata mota cikin dajin Kure, suka kashe mutum 8: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da jagoransu, wanda shi ne shugaban ƙungiyar jagorori. Allah ya ji ƙan su. Bayan haka hukuma ta rufe wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin jagorori ya yanke rana ɗaya.

Abin da ke damuna a nan shi ne gado. Sanin daji ba a littafi ya ke ba, a bayan babba yaro ke koyon shi, yana bi yana kallo shekara da shekaru. Saurayin da ya ga sana'ar ba ta ciyar da ubansa ba, bida zai tafi birni, ko ya ɗauki gatari ya sari itacen da raƙuman ke ci, ya saida ma motocin da ke kai makamashi Yamai. Mu kuma ƴan ƙasa, tun lokacin da a ke zaman lafiya ba mu cika zuwa ba, mun bar ma Turawa kallon. Ma'aikata nawa ne suka bi hanyar Doso sau ɗari, suka ga allon da ke gargaɗin direbobi su rage gudu saboda raƙuman dawa, ba su taɓa tsayawa sun nemi jagora ba? Ni ma ina cikinsu.