Gane Moton Sarbo da Enkodarsa Kafin a Saya

Duk mai sha'awar haɗa injin sassaƙa ƙarfe da hannunsa, idan Allah ya haɗa shi da moton sarbo na kwance, wanda aka ciro daga tsohon injin masana'anta, wajibi ne ya fara da allon da ke jikinsa, domin a nan aka rubuta ƙarfin wutar da yake ɗauka, da ƙarfin murɗawarsa, da adadin juyinsa a minti, galibi 2000 ko 3000. In rubutun ya goge, sai a ɗauko mita a gwada wayoyinsa uku bibbiyu. Muddin awon bai zo iri ɗaya ba, to naɗin wayar cikinsa ya samu illa.

Amma asalin mas'alar tana ga enkoda, wato na'urar da ke bayansa mai ƙidayar juyi. Mai sauƙi takan ci bolt 5, ta fitar da layukan A da B da Z, kuma mai zane 2500 takan ba da ƙidaya 10,000 a juyi guda. Sai dai yawancin na Fanuc da Yaskawa da Mitsubishi na zamani ba sa magana sai da na'urar sarrafawar kamfaninsu, saboda haka kada ka biya kuɗin moto sai ka tabbata za ka samu na'urarsa.