Buhun Abincin Kaji Na Saurin Ƙarewa? A Duba Ƙasan Akurki

Duk mai kaji goma ko ashirin a bayan gida a unguwar Narayi da ke Kaduna ya san inda kuɗinsa ke tafiya. Abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kiwon kaji, kuma bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin masara da waken soya ya yi tashin gwauron zabo, buhun abinci ya bi bayansu. A nan ƙaramar hukumarmu ta Chikun kamfanin Olam ya buɗe babbar masana'antar abincin kaji a 2017, a kan hanyar Abuja, amma maƙwabtaka ba ta sauya lissafi, domin farashin hatsi ke jan ragamar komai.

To, a yi lissafin mana. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji goma ke nan za su ci kilo 1.2, buhu mai kilo 25 kuwa ya kamata ya kai su kusan kwana 21. Idan naka yana ƙarewa a kwana 15, kilo 7 bai shiga cikin kaza ba. Kafin a zargi yaron gida ko mai shago, a leƙa ƙasan akurki.

Kaza dai da tono aka halicce ta. Ka zuba mata abinci a tire ko tsohon daro, sai ta hau ciki, ta watsa da ƙafa, ta bi da baki tana tsince ƙwayar masara tana fatali da gari, ta kuma yi kashi a kan ragowar. Garin nan da take rainawa shi ne mai tsada, a cikinsa sinadaran ƙarin lafiya da na ƙarfin ɓawon ƙwai suke.

Da asarar ta tsaya a aljihu da sauƙi. Abincin da ya zube gayyata ce ga ɓera, kuma a unguwa irin tamu, inda gidajen haya suke manne da juna, ɓeran da ya ƙoshi a akurkinka a kicin ɗin maƙwabciya zai ƙarasa dare. Fitsari da kashin wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ke tsananta da rani. Bayan ɓera sai tsuntsayen waje, kurciya da tattabarun maƙwabta, masu saukowa kiwo tare da kaji. Mutanen Kaduna bai kamata a tuna musu illar wannan cuɗanya ba: a wata gona da ke Jaji, ƙaramar hukumar Igabi, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, cikin Fabrairun 2006, kuma kaji dubbai aka hallaka a lokacin.

Maganin ɓarnar ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A samu bokitin roba mai lita 20 da murfinsa, da daro ko faffaɗan faranti mai zurfi wanda ya fi gindin bokitin faɗi da kamar yatsu uku ko huɗu ta kowane gefe. A huda ƙofofi biyar ko shida a jikin bokitin, can ƙasa daf da gindi, kowacce faɗin yatsu biyu. Wuƙar da aka ɗora a wuta tana yanka roba sumul. A ɗora bokitin a tsakiyar daron, a huda su tare, a ɗaure da noti. A ciki kuma a kifa ƙaramin kwano ko mazurari, don abinci ya riƙa gangarowa wajen ƙofofin maimakon ya taru a tsakiya ya kwana.

Akwai abu biyu da ke raba mazubi mai aiki da na banza. Na farko, bakin daron dole ya fi saman ƙofofin tsayi. In ba haka ba abinci zai yi ta kwarara ƙasa ko babu kaza a kusa. Na biyu, tsayinsa daga ƙasa. A rataye shi da waya a jikin katakon rufi, ko a ɗora a kan bulo, yadda bakin daron zai yi daidai da gadon bayan kaza. Ta ci a tsaye, ƙafa ba ta kai ba, baki kuma ba ya samun filin watsi. Kaji na girma, ana ɗaga shi. Wasu sun fi son sa gwiwar fayif ɗin roba, irin ta masu aikin famfo, a jikin bokiti, kaza ta tura kai ta ci. Yana tsare abinci sosai, sai dai kaza ɗaya ce ga kowace ƙofa, kuma zakara mai babban zanko yana iya jin ciwo idan ƙofar ta matse. 'Yan tsaki na makon farko kuwa a bar su da farantinsu tukuna.

Yanzu ga inda mutane ke jawo wa kansu. Ba kowane bokiti ne ya dace ba. Wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari, maganin feshin ciyawa, fiya-fiya ko baƙin mai a ciki, a manta da shi, domin roba tana shan dafi, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma ƙwan kazar nan yara ne za su ci. Bokitin fenti ma sai an kankare shi tas, tunda wasu fentin na ɗauke da dalma. Wanda aka sayar da kayan abinci a ciki ya fi kwanciyar hankali.

Babban tarkon kuwa shi ne jin daɗin cika bokiti a tafi harkar gaba. Daminar Kaduna doguwa ce, daga wajen Mayu har Oktoba, kuma a Agusta iska kanta jiƙaƙƙiya ce. Abincin da ya yi mako a rufe yana dunƙulewa daga ƙasa ya yi fumfuna, sama kuwa fes. Fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da dafin aflatoksin mai lalata hanta. A Ingila aka gano shi bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da ta gurɓace. A kaji yana rage ƙwai, ya hana girma, ya raunana jiki har rigakafi ya kasa kamawa yadda ya kamata. Saboda haka da damina kada a zuba abin da ya wuce na kwana uku, mazubi ya kasance a ƙarƙashin rufi, nesa da abin shan ruwa. Duk mako a juye shi, a wanke, a shanya a rana. Abincin da ya canja wari ko kala a binne shi. Ba wa agwagi ko akuya ba tattali ba ne.

Kaji ba sa cin abinci cikin duhu, ɓera kuwa lokacinsa ke nan, kuma waya ba ta gagare shi hawa. Da magariba a sauke mazubin a kai ɗaki, ko a kifa masa babban daro a danne da dutse. Idan kaji sun haura ashirin a yi biyu, a nesanta su, don manya kan tare wuri su bar raunana da yunwa. Kafin a ƙara sabon abinci kuma, a ɗan yi musu rowa na awa ɗaya ko biyu, har sai sun share garin da ya taru a daron.