Ciwon da maza ke kira taifod

A teburin mai shayi, idan wani ya kwana uku bai leƙo ba, sai a ce taifod ce ta kwantar da shi. Idan ya dawo a rame, ido zuru-zuru, yana daka wa yaron shago tsawa a kan canjin naira hamsin, sai a ce halin rayuwa ne. Shi kuwa ya riga ya je kemis sau uku: kai na zafi kamar an aza garwashi, wani abu na yi masa yawo a jiki, barci na yankewa tun ƙarfe biyun dare. An sha allurai, shiru. Ainihin sunan ciwon ne ba mai son furtawa, domin a kunnen jama'a duk abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa hauka ne, mahaukaci kuwa sai asibitin Dawanau.

Ana cewa ciwon damuwa na mata ne. Akwai ƙamshin gaskiya, don alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna an fi samunsa a mata. Amma hukumar dai ita ce ta ce mutum fiye da 700,000 ke kashe kansu a duniya kowace shekara, kuma mazan da ke ciki sun ninka matan sau biyu da ɗoriya. Namiji ba kasafai yake zuwa da kuka ba. Nasa yakan fito da zafin rai, ko guje wa gida, ko ciwon jikin da gwaji ya kasa ganowa. Tun 1960 wani likita, Raymond Prince, ya yi rubutu a kan ɗaliban Najeriya masu kukan zafin kai da yawon abu a jiki, alhali damuwa ce ke cin su.

Zancen cewa ragon namiji kaɗai yake kamawa kuwa, a tambayi ɗan damben Ingila Tyson Fury. Ya buge Wladimir Klitschko a 2015, ya zama zakaran duniya, sannan damuwa ta kayar da shi, ya shiga shaye-shaye, har ya yi tunanin kashe kansa. Da bakinsa ya faɗa. Ya nemi taimako, ya dawo fage a 2018, ya kwantar da Deontay Wilder a 2020.

Maganar da ta fi ciwo ita ce ta rashin tawakkali, domin tana ɗora wa maras lafiya laifi a kan cutarsa. Ba ta da tushe. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Musulunci. Mai hawan jini yana addu'a yana shan maganinsa, ba wanda ya taɓa ce masa imaninsa ya yi rauni. Shi kansa Farfesa Thomas Adeoye Lambo, da ya kafa tsarin jinya a ƙauyen Aro na Abeokuta a 1954, tare da masu maganin gargajiya da dangin majinyata ya yi aiki, bai kore su ba.

"Ai in ka fara shan maganinsu ka kamu ke nan." A nan sai an tsefe. Magungunan damuwa irin su fluoxetine da amitriptyline ba sa bugarwa, ba sa sa ƙishirwar ƙari kamar tiramadol. Sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, kuma ba a yanke su farat ɗaya sai likita ya rage a hankali. Wanda ke kama mutum shi ne irin su diazepam, wanda mai fama da rashin barci ke saya a kemis ba takarda, wato daidai hanyar da mai gudun asibiti yake bi.

Tsoron sasari kuma ba tatsuniya ba ce. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da maza da yara kusan 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Sai dai wannan ba asibiti ba ne. A asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri, yawancin masu zuwa kati suke yanka, su ga likita, su koma gida. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ma ta kau a Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa mai kare haƙƙin majinyaci, ko da yake aiwatar da ita na tafiyar hawainiya.

Wasu na ganin in aka tambayi mutum ko yana tunanin kashe kansa, an cusa masa ra'ayin. Likitoci sun daɗe da ƙaryata wannan. Tambayar takan zame masa ƙofar magana. Abin da ke gaskiya shi ne sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa ya tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin, hukuncin da Ghana ta soke irinsa a 2023. Doka irin wannan ɓoyo kawai take koya wa iyali.

Ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa ma gaskiya ne, 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Amma likitan babban asibiti na iya gane ciwon damuwa ya fara magani. Ma'aunin da yake dubawa shi ne ƙunci ko mutuwar sha'awar komai, kusan kullum, har mako biyu.