Ciyayya a Ƙofar Gida

A unguwarmu ta cikin birnin Zariya, da an idar da sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, yara su fara fitowa da kwanuka. Ciyayya ke nan: kowane magidanci a fito da tuwon gidansa, a haɗa a ci tare.

Gidanmu miyar kuka ce, wadda ta sha daddawa da man shanu. Maƙwabcinmu kuwa, damina na yin nisa sai ɗanyar kuɓewa da tuwon dawa. Sai an gama da kwano ɗaya ake jawo wani. Abin da ya fi burge ni shi ne rufin asiri: wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba, sai ya zauna ya ci ya ƙoshi, babu mai tambayarsa. Baƙo ma da rabonsa. Matan gida kuwa gasa suke yi a ɓoye, kowacce na so kwanonta ya koma a suɗe.

Yau tsadar hatsi da zaman kowa-tasa-ta-fisshe-shi sun raunana al'adar. Magidanta, mu farfaɗo da ita, ko da ranar Juma'a kaɗai.