Haɗarin da ake gani tun ranar sa hannu: Abin da ke kashe manyan ayyukan gwamnati

A tsakiyar birnin Abuja, ba nisa da Masallacin Ƙasa, akwai wani ƙaton gini da ma'aikatan da ke zuwa Sakatariyar Tarayya suka saba gani har suka daina lura da shi. Shi ne hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa. An bai wa kamfanin RCC kwangilarsa a shekarar 2006 a kan naira biliyan 8.59, bisa alƙawarin kammalawa cikin wata 22. Daga baya aka rage yawan benayensa, aka kuma sake komawa ga tsarin farko, kuɗin yana hauhawa a kowane juyi. Yaron da aka haifa a shekarar da aka fara aikin ya kai munzalin shiga jami'a tun ginin bai karɓi littafi ko ɗaya ba.

Wannan gini yana da 'yan'uwa da yawa. A shekarar 2011, kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a ƙarƙashin tsohon ministan Abuja, Ibrahim Bunu, ya ƙidaya ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba, ya kuma kiyasta cewa sai an kashe kimanin naira tiriliyan 7.78 kafin a ga bayansu. Wanda ya bi tarihin irin waɗannan ayyuka zai tarar cewa da wuya abin da ya kashe su ya zo musu ba zato. Galibi haɗarin yana nan a fili tun ranar da aka sa hannu. Abin da aka rasa shi ne mutumin da aka ɗora wa alhakin tsare shi, da shugaban da ke shirye ya saurari wanda ya hango shi.

Haɗari na farko yana cikin takardar yarjejeniya kanta. A watan Janairun 2010, Ma'aikatar Albarkatun Man Fetur ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da kamfanin P&ID: gwamnati za ta kai iskar gas, kamfanin kuma ya gina masana'antar sarrafa ta a Kalaba. Ba a kai gas ba, ba a kuma gina masana'antar ba. Duk da haka, a shekarar 2017 wani kwamitin sasanci a Landan ya yanke cewa Najeriya ta biya kamfanin dala biliyan 6.6, kuma kuɗin ruwa suka riƙa taruwa har jimillar ta haura dala biliyan 11. Sai a ƙarshen 2023 Mai Shari'a Robin Knowles na Babbar Kotun Ingila ya soke hukuncin, bayan ya gamsu cewa an samu yarjejeniyar da hukuncin ta hanyar cin hanci da zamba. Ƙasa ta tsira, amma bayan shekaru na shari'a da ɗimbin kuɗin lauyoyi. Tambayar da ya kamata a yi tun 2010 mai sauƙi ce: idan gwamnati ta kasa kai gas ɗin, nawa za ta biya, kuma wa ya tabbatar za ta iya kaiwa?

Na biyu shi ne haɗarin kuɗi. Dokar bayar da kwangiloli ta 2007, wadda ta kafa Hukumar BPP, ta hana a bayar da aiki ba tare da tanadin kuɗinsa ba, ta kuma ƙayyade abin da za a bai wa ɗan kwangila na kafin alƙalami. Sai dai kowane jami'in kuɗi ya san tazarar da ke tsakanin adadin da ke cikin kasafi da abin da ke isowa asusun ma'aikata. Aikin shekara biyu da ake ciyar da shi da cokali yakan koma na shekara goma, kuma kowace shekarar jinkiri tana da farashinta. Bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a kasuwar hukuma zuwa sama da 1,400 cikin ƙasa da shekara guda. Duk kwangilar da ta dogara da kayan waje, ba a kuma rubuta mata tsarin daidaita farashi ba, ta wayi gari lissafinta ya rushe.

Na uku shi ne haɗarin da ke tattare da wurin aikin, wato tsaro da diyyar filaye da hulɗa da al'ummar yankin. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, yana cikin ayyukan da aka kammala kuma jama'a suka amfana. A watan Oktoban 2021 aka dasa wa layin bam, wanda gargaɗi ne da ba ya buƙatar fassara. Ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan ta'adda suka far wa jirgin, suka kashe fasinjoji suka kuma sace gommai. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya fito fili ya ce ya nemi a amince da sayen na'urorin sa ido a kan layin amma bai samu ba. Ko ma yaya aka yi muhawarar ta kasance a zauren majalisa, sakamakon bai ɓuya ba: an ga haɗarin, an yi magana a kansa, ba a ɗauki wani mataki a madadin wanda aka ƙi ba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai watan Disamba.

Akwai inda aka gyara lissafi aka ga amfani. Gadar Neja ta biyu, mai haɗa Asaba da Onitsha, ta daɗe tana yawo a bakin 'yan siyasa, an kuma ƙaddamar da aikinta a 2014 ya yi ta jan ƙafa. A 2018 aka kafa asusu na musamman na manyan ayyuka a ƙarƙashin Hukumar NSIA, aka raba kuɗin gadar da jiran sakin kasafi. Dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020 sun shiga wannan asusu, bisa sharaɗin sa ido a kan yadda ake kashe su. An buɗe gadar a hukumance ranar 23 ga Mayu, 2023. To amma hanyar Abuja zuwa Kano, wadda ke cikin asusu ɗaya da gadar, ba ta samu irin wannan ƙarshe ba. An sauya aikinta daga gyara zuwa sake gini baki ɗaya, tsaro ya dagula aiki, farashi ya tashi, har Ma'aikatar Ayyuka ta soke kwangilar Julius Berger a sashen Abuja zuwa Kaduna a ƙarshen 2024. Toshe ƙofa ɗaya ba ya hana ɓarawo shigowa ta sauran.

A nan ne batun shugabanci ya shigo, kuma bai tsaya kan minista shi kaɗai ba. Minista yakan zo ya tafi, wani lokaci kafin a gama haƙa harsashi. Fayil kuwa yana nan a hannun darakta da babban sakatare, kuma abin da mai gida ya sani game da aiki shi ne abin da hadiminsa ya bari ya iso teburinsa. Hadimin da ke tace labari don kada ran oga ya ɓaci yana ɗage ɓacin ran ne zuwa ranar da kwamitin majalisa ko Hukumar EFCC za ta aiko da takardar gayyata. Shugaban da ke yi wa mai kawo mummunan labari tsawa kuwa, ba da daɗewa ba zai daina jin komai sai yabo, har ranar da aikin zai tsaya cik.

Masana harkar gudanar da ayyuka suna da wani abu da suke kira rajistar haɗurra, kuma ba ta buƙatar kwangilar ƙwararru daga waje. Shafi ne da ake jera duk abin da zai iya tsayar da aiki, a rubuta yiwuwar faruwarsa da girman ɓarnarsa, da matakin da za a ɗauka, da sunan jami'i ɗaya da ke da alhakinsa. Sunan nan shi ne ƙashin bayan rajistar, domin haɗarin da aka bar wa “kwamiti” ko “ma'aikata” tamkar akuyar gayya ce, kowa yana zaton wani ya ba ta ruwa. Ana kuma buɗe rajistar a kowane zaman bitar aiki, ana sabunta ta, ana miƙa ta ga wanda ya gaji kujera tare da bayanan miƙa ragama.

Kafin takardar neman amincewa ta bar ofis zuwa Majalisar Zartarwa, akwai tambayoyin da ya kamata wanda ya tsara ta ya iya amsawa a rubuce. Daga ina kuɗin shekara ta biyu da ta uku za su fito? An biya diyyar filin, ko kuwa sai injuna sun iso za a fara neman masu gonaki? Zanen ya kammala, ko za a sauya shi a tsakiyar tafiya? Ma'aikatar Shari'a ta karanta sharuɗɗan saɓa alƙawari? Wa zai kula da aikin bayan an yanke kyalle?

Jami'in da ya yi waɗannan tambayoyi yana iya jinkirta fayil da mako biyu, a kuma kira shi mai taurin kai. Amma Bahaushe ya ce tun ranar gini ranar zane. Sa hannun da ke ƙasan takardar yana daɗewa fiye da gwamnatin da ta nemi a gaggauta, kuma idan masu bincike suka buɗe fayil bayan shekara goma, sunan da ke ƙarƙashin sa hannun za su fara karantawa.