Amsoshin Wasiƙunku: Me Hoto Ke Gani a Cikin Hanji?

Wasiƙar da muka ɗauko a makon nan ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, direban mota a Funtuwa. Ya ce ya yi shekara biyu yana fama da ciki, yau murɗa, gobe kumburi, jibi zawo. Ya je asibiti an ɗauke shi hoto har sau biyu, likita ya duba ya ce babu komai. Amma ƙanensa da ciwon ciki ya kama ranar Talata, hoto ɗaya aka yi masa, kafin gari ya waye an shiga da shi ɗakin tiyata. Shi ne yake tambaya, shin hoton nan zaɓen mutane yake yi, ko kuwa kuɗinsa kawai aka ci?

To Malam direba, ba a ci kuɗinka ba. Bari mu faro daga tushe.

Hanji kashi biyu ne. Akwai ƙarami, wanda ya tashi daga tumbi, tsawonsa ya kai kamar mita 6, a nan jiki ke tsotse amfanin abinci. Sai babba, kamar mita ɗaya da rabi, wanda ke shanye ruwa ya tara bayan gida. Duk wannan tsawo a naɗe yake cikin cikinka. Shi kuwa hoton eksire, wanda wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, ƙashi yake nunawa fari, iska ta fito baƙa, nama kuma ya fito toka-toka. Hanji nama ne, saboda haka ba shi kansa likita ke kallo ba, iskar da ke cikinsa yake bi. In iskar tana inda ya kamata, hoto zai ce lafiya lau, ko da kuwa kana birgima don ciwo.

Cuta ta farko da eksire ke kamawa da sauri ita ce toshewar hanji. Alamunta huɗu ne, kuma ina roƙonka ka haddace su: murɗa mai zuwa tana lafawa, amai wanda kan koma kore, kumburin ciki, sannan ba bayan gida, ba fitar iska. Idan aka tsayar da mutum aka ɗauki hoto, sai a ga ƙaramin hanji ya buɗe ya haura santimita 3, ruwa ya kwanta a ƙasa iska ta hau kansa, layi bisa layi kamar matakalar tsani. Abin da ya fi jawo ta shi ne ƙaba ko gwaiwa da hanji ya faɗa ciki ya maƙale, da tabon tsohuwar tiyata da ya ɗaure hanji. A yara kuma macijin ciki kan dunƙule ya toshe hanya. Akwai kuma wadda ta fi kama dattawa maza, inda ƙarshen babban hanji ke murɗewa kamar an matse wanki. A hoto sai ka ga ƙatuwar jakar iska da tsaga a tsakiya. Turawa na kamanta ta da ƙwayar kofi, mu dai mu ce ƙwallon dabino.

Maganin toshewa a asibiti yake. Za a hana ci da sha, a sa ƙarin ruwa, a zura siririyar roba ta hanci zuwa tumbi don rage kumburi. Wata ta warware a haka, wata sai an yi aiki. Abin da ke kashe mutane shi ne jinkiri. Ciki ya ɗaure, sai a jiƙa kanwa, a kawo maganin wankin ciki, a ce bari a ga abin da gobe za ta yi. Kai da kake direba, in hanya ta toshe a gaba ka ƙara wuta, me zai faru? Hanjin da ya maƙale jini ba ya isa gare shi, cikin sa'o'i sai ya fara mutuwa.

Ta biyu ita ce hujewar hanji, kuma a ƙasashenmu zazzaɓin taifot na cikin manyan masu jawo ta. Ƙwayar cutar kan shiga ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta yi gyambo a ƙarshen ƙaramin hanji. A mako na biyu ko na uku na zazzaɓi, gyambon kan iya ɓulewa, ƙazanta ta zuba cikin ciki. Yaron da ya kwana goma yana zazzaɓi, kwatsam ciwon ciki ya tsananta, cikin ya sandare kamar allo, ba ya son ko a taɓa shi. A nan za ka yi mamaki, hoton ƙirji likita zai ce a ɗauko, a tsaye. Dalili kuwa iskar da ta tsere daga hanji sama take hawa, ta taru ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ta fito baƙa siririya kamar jinjirin wata, galibi ta ɓangaren dama a saman hanta. Da an ga wannan, magana ta ƙare, sai tiyata a ɗinke hujin, a wanke ciki, a bi da allurai masu kashe ƙwayoyin cuta. Wani lokaci jinjirin watan ba ya fitowa alhali hanji ya huje, shi ya sa likita ke dogara da hannunsa tare da hoton.

Ina zaton ƙanenka ɗaya daga cikin biyun nan ya samu, ko kuwa afendis. Shi afendis wani ɗan reshe ne kamar yatsa a farkon babban hanji. In ya kumbura, ciwon kan faro daga cibiya, bayan wasu sa'o'i ya gangara ya zauna a ƙasan ciki ta dama, da tashin zuciya da ɗan zazzaɓi. Eksire ba ya cika ganinsa. Sai sikanin, wato na'urar nan da ake shafa wa mutum wani abu mai yauƙi a ciki a riƙa goga ta, irin wadda ake yi wa masu juna biyu. Ita da amon sauti take aiki. Tana nuna afendis ya yi kauri fiye da milimita 6, in an danna ba ya lotsawa. Yawanci cire shi ake yi. Inda hali ya samu akwai hoton siti, wanda ke nuna ciki yanka-yanka kamar an yayyanka burodi, ya fi sauran gani nesa ba kusa ba, sai dai tsada, kuma sai manyan asibitoci.

Iyaye mata, ga taku, ku matso kusa. Akwai wata cuta ta jarirai, daga wata uku zuwa shekara uku, inda wani sashen hanji ke zurmawa cikin na gabansa kamar hannun riga da aka juya. Yaro na wasansa, sai ya ƙwalla ƙara ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, bayan 'yan mintoci ya yi shiru, can ya sake. Sai amai, daga baya kashi ya fito da jini da majina. A gida sai a ce haƙori ne, ko atuni, a nufi kemis. A sikanin kuwa a fili take, zobe cikin zobe kamar albasar da aka yanka a tsakiya. In an kai yaro da wuri, sau da yawa ba a ma yanka shi, iska ko ruwan gishiri ake turawa ta dubura a hankali har hanjin ya koma mazauninsa. In an kwana biyu ana ba shi jiƙo, sai wuƙa, wani lokaci har a yanke sashen da ya mutu.

Zawo na yau da kullum, da atuni, da tsutsar ciki, waɗannan ba aikin hoto ba ne, bayan gida ake kaiwa a auna. Mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, in babu a haɗa: tsabtataccen ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Yara a haɗa musu da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14.

Yanzu mu dawo kanka. Akwai larurar da hanji ba shi da gyambo, ba toshewa, ba ƙari, amma motsinsa ne ya rikice, ya cika saurin jin ciwo. Mai ita kan yi murɗa da kumburi, yau zawo gobe tauri, ya ɗan ji sauƙi in ya zaga, abin ya tashi in hankalinsa ya tashi. Ko hoto goma aka yi ba abin da zai fito, kuma ba ƙarya kake yi ba, ciwon gaskiya ne. Ba ni ne zan ce ita ke damunka ba, ni aikina karanta wasiƙu. Amma ka koma ka nemi a auna bayan gidanka da jininka tukuna, don mai cin abincin tasha bai rabuwa da ƙwayoyin ciki. Sannan ka yi mako biyu kana lura da abin da ka ci da abin da ya biyo baya. Wasu wake ne, wasu madara, wasu yaji, wasu wuni da yunwa a kan hanya sannan a cika tumbi da daddare. Akwai magungunan da ke kwantar da murɗar, likita zai rubuta maka.

Sai dai ban ji ka faɗi shekarunka ba. In ka haura 45, ko kana ganin jini a bayan gida, ko kana rama ba dalili, ko an ce jininka ya yi ƙasa, kada ka tsaya a kan eksire, kuma kada ka yarda a rufe ka da cewa basir ne. Mu komai basir, alhali sankarar babban hanji da irin waɗannan alamu take farawa, kuma eksire na yau da kullum ba ya ganin ta. Ana zura wata siririyar roba mai fitila da kyamara ta dubura a leƙa hanjin kai tsaye, a ɗebo ɗan nama a auna. In an kama ta da wuri ana yanke wurin mutum ya warke.

Da fatan Malam direba ya gamsu, a gaida ƙanen naka da jiki. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, inda za mu ɗauki wasiƙar wata baiwar Allah daga Maraɗi a kan shawara.