Lissafin Kara Da Lissafin Jarrabawar BAC

'Yan'uwa fatake da dillalai, yaranmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa masu shirin jarrabawar BAC suna kuka da lissafi, musamman 'yan sashen C da D. To, wanda yake son ɗansa ya tafi makarantar likitancin dabbobi ta Dakar, ta nan zai bi.

Abin mamaki, tushen abin yana hannunmu. Yaron da ya san dala tamma biyar ce, dala 200 kuma jika guda, ya iya ninkawa. Wanda ya karanta rabon gado a Islamiyya ya san rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni. La'adar dillali kuwa kaso ne cikin ɗari. Har faɗuwar sefa ta Janairun 1994, da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, darasi ne: kuɗin ya rasa rabin darajarsa, kayan waje suka ninka.

Inda gizo ke saƙar, mu da ka muke yi, su kuwa mai gyaran takarda sai ya ga kowane mataki a rubuce. Kuma aljabara da jometiri ba a tsintarsu a kara, sai an zauna kullum da alƙalami.

Don Allah, watanni ukun ƙarshe kada a tura ɗan jarrabawa rakiyar shanu zuwa Jibiya ko Maigatari. A ɗauki ɗan kore a biya shi.